Ni da Kawu Manu da Wayar da Ba Ta Son Wuta

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Laraba al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi. A shekarun nan ba na yin komai ban rubuta ba, kuma littafin yana nan har yau a cikin akwatina. Abin da ke shafin magana ɗaya ce, sau uku, kowace da lokacinta: "Kawu ya sa waya a wuta." Ban ƙara komai a shafin ba, ban kuma ce komai a maƙerar ba.

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin labarin nan iri biyu. A gidan Inna ana cewa na taɓa wulaƙanta Kawu Manu a gaban abokan sana'arsa. Wasu kuma na cewa shi ne ya ƙona mini aikin digirina na biyu. Yanzu da furfura ta fara kama ni, Kawu kuma Allah ya yi masa rasuwa, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda take tsaye a wurin.

Aikin da malamina ya ba ni a sashen kimiyyar fiziks shi ne in haɗa waya daga wani sinadari da ake kira magniziyam daiborayid. Kowace wayar lantarki da kuka sani tana yi wa wuta turjiya, shi ya sa take ɗaukar zafi, wani kaso na wutar ya salwanta a hanya. Wannan kuwa, idan aka sanyaya ta ƙwarai, sanyin da ya kai digiri ɗari biyu da talatin da wani abu ƙasa da daskarewar ruwa, sai turjiyar ta ɓace gaba ɗaya. Yadda ake yin ta ba wuya a faɗe. A gauraya garin magniziyam da garin boron, a ɗura a siririn bututun jan ƙarfe, a toshe bakinsa biyu, a yi ta jansa har ya zama waya. Bayan an gama ja, sai a gasa shi sau ɗaya a murhun ɗakin gwaji, cikin wata iska da ba ta barin abu ya ƙone. A wannan gashin ne garin biyu ke haɗuwa su zama abin da ake nema. Malamina, wanda kowa ke kira Dakta kawai, ya dawo daga karatu a waje da 'yar kwalbar boron da za ta cika bututu biyu, ba ƙari. Injin sanyayawar kuma na aro ne, za a mayar wa masu shi da zarar damina ta wuce.

Ranar da na yi wa Baba bayani a gidanmu na Gawon Nama, ya dawo daga mayanka ke nan yana wanke hannu. Mahauci ne, ɗan mahauci, ya san darajar sanyi fiye da kowa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dubi Inna.

"Kin ji ɗiyarki? Duk garuruwan duniya, Sakkwato anka zaɓa a yi wayar da ba ta aiki sai cikin sanyi. Kulu, in kun samu sanyin ga, ki ɗebo min kaɗan in sa ma nama."

Inna ta ce, "Kai dai komi nama. Bar ta ta yi karatunta."

Sashenmu yana da murhu, yana da injin aro, amma ba shi da na'urar jan waya. An yi ta rubuta takardar neman ta, shiru. Ni ce na gaya wa Dakta, da muryar da sai da ya ce in maimaita, cewa yayan mahaifiyata maƙerin azurfa ne, kuma tun kafin a haife ni yake jan waya da hannu. Kawu Manu yana da wani faffaɗan ƙarfe mai huji goma sha biyu, daga babba zuwa ƙarami. Yakan fiƙe bakin azurfa, ya zura a hujin farko, ya kama da awartaki, ya taka ƙarfen da ƙafafunsa, ya ja. Daga nan sai huji na gaba. A bayan maƙerarsa na yi yawancin karatun sakandare, domin gidanmu hayaniya, shi kuwa ba ya damun mai littafi. Yakan ajiye mini tabarma da butar ruwa, in wani ya ɗaga murya ya ce a yi a hankali, malama na karatu. Ba ya yawan magana, ni ma haka. Ina jin shi ya sa muka shaƙu.

Na kwana uku ina shirya bututun farko. Na auna garin har sau uku, na gauraya, na ɗura kaɗan kaɗan ina dannawa, na toshe. Na kai wa Kawu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya juya shi a hannu, ya ce aiki mai sauƙi ne. Ya ja huji na farko, na biyu, na uku. A na huɗu sai ƙarfen ya yi tauri, kamar yadda jan ƙarfe ke yi in an matsa masa. Kowane maƙeri ya san maganin wannan. Kawu ya naɗe wayar, ya ɗora a kan gawayi, ya kama zugazugi. Na ga ta yi duhu, ta yi ja, ta yi jawur. Ya ɗauke ta da awartaki ya tsoma a kaskon ruwa, ta yi cuu.

Na san abin da ke faruwa a cikinta. Magniziyam yana narkewa tun kafin ƙarfe ya yi wannan jan. Garin da ya kamata ya zauna gari har a gama ja ya riga ya dunƙule ya yi tauri kamar fasasshen tulu, kuma duk jan da za a yi nan gaba farfasa shi zai yi. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma akwai maƙera biyu zaune a gefe suna kallo, dattawa, kuma wanda ke riƙe da awartakin shi ne mutumin da ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa kai tsaye ba. Na duba agogo, na rubuta. Sau uku ya sa ta a wuta kafin azahar, sau uku ina rubuta lokaci. Da ya gama ya miƙo mini waya mai sheƙi, santsi kamar gashin doki, ya ce:

"Ga ta nan, malama. Ko injin Turawa iyakarshi ke nan."

Na durƙusa na karɓa, na ce Allah ya saka da alheri.

Na bi sauran matakan kamar ban san komai ba. Na gasa ta a murhunmu, na yanki tsawon ɗan yatsa, na liƙa mata ƙananan wayoyi huɗu, biyu na shigar da wuta, biyu na awo. Muka sa a injin da safe, janareta na ruri a waje. Sai bayan la'asar sanyin ya kai inda ake so. Lambar turjiya ta yi ta sauka a hankali, irin saukar da kowane jan ƙarfe ke yi in ya ji sanyi, amma faɗuwar nan ta farat ɗaya da muke jira ba ta zo ba. Dakta ya sa aka sake, aka kuma sake da wani yanki. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko akwai abin da ya faru a wurin ja. Na buɗe littafina na miƙa masa, domin ya fi mini sauƙi a kan magana. Ya karanta layukan nan uku. Sannan ya ɗago ya ce:

"Hauwa'u, kina wurin?"

"Ina wurin."

"Kin san abin da wuta za ta yi?"

"Na sani."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi saura na bututu ɗaya, kuma ba zai ba da shi a kai maƙera ba sai na tabbatar masa wuta ba za ta taɓa shi ba. In ba haka ba zai kulle kwalbar a jira na'ura, ni kuma in nemi wani aikin in fara daga farko. Dukanmu mun san injin aro ba zai jira na'ura ba.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, kuma na yi shi ne da kyakkyawar niyya. Tunda na san bakina ba zai buɗe a gaban Kawu ba, sai na zauna na rubuta masa takarda. Na tsara ta yadda nake tsara rahoton gwaji, da lambobi. Na ɗaya, kada a sa waya a wuta ko kaɗan. Na biyu, wutar da aka sa ce ta lalata ta farko. Na uku, kada a tsoma a ruwa. Har bakwai. Na sake kwafe ta da kyakkyawan rubutu, na bar masa a maƙera lokacin da na san ya tafi masallaci. A raina wannan ita ce hanya mafi ladabi. Abin da na manta, ni da ba na manta awon gari, shi ne Kawu ajami yake karantawa, bai yi boko ba. Da ya dawo ya ga takarda daga malamarsa, sai ya yi murna, ya ɗauka godiya ce daga jami'a. Ya kira telan da ke maƙwabtaka da shi ya karanta masa, ya kuma ce wa abokansa su matso su ji. Tela ya karanta da ƙarfi, lamba bayan lamba, har bakwai.

Washegari Inna ta same ni a ɗaki. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Kulu, mi kin ka yi ma Yaya? Shekara arba'in shina jan waya, ke da anka goya jiya ki aika mai da doka a takarda? Yanzu in ya wuce, maƙera na ce mai 'na ɗaya, na biyu.' Ba ki da baki na?"

Na ce ina jin nauyinsa ne.

"Nauyi? Wanga shi na nauyi? Da kin same shi shi kaɗai kin duƙa kin hwaɗi, ko zaginki yay yi, cikin gida na. Yanzu kin kai shi kasuwa."

Baba yana tsakar gida yana jin mu. Bai sa dariya a maganar ba wannan karon. Ya ce shi a sana'arsu in yaro ya ga babba zai yanka inda ba daidai ba, riƙe masa hannu yake yi a lokacin, ba ya bari sai an gama fiɗa ya zo da bayani.

Kwana tara ban je maƙera ba. Nakan hau motar jami'a da safe, mu bi ta Kwalkwalawa, in ga ruwa ya fara kwanciya a fadama, in san lokacin injin yana ƙarewa. In zauna a ɗakin gwaji ina goge abin da na riga na goge. A rana ta goma na ɗauki guntun wayar da ta lalace, na tsaga ta tsawonta da magagari, na ɗebi ɗan garin magniziyam a takarda, tunda shi muna da shi da yawa, na ari gilashin ƙara girma. Na hau kabu-kabu zuwa maƙera da hantsi, lokacin da na san abokan Kawu sun tafi kasuwa.

Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Tabarmata ba ta nan. Na durƙusa a ƙasa na gaishe shi, ya ce lahiya lau, ya ci gaba da goge zobe. Na ji maganar tana neman komawa ciki kamar kullum. Sai na ce, da muryar da ni kaina ban san ta ba:

"Kawu, na yi laifi biyu. Na ga abu ban faɗa ba, sannan na faɗa ta hanyar da ba ta dace ba. Ka yafe mini. Amma ina roƙo ka dubi abu ɗaya."

Na matsa kusa da murhunsa, na ce ya ɗan kau da ido, na barbaɗa garin a kan gawayi. Wani farin haske ya tashi, wanda ya fi na walda, har ya ja da baya ya ce subhanallahi. Na ce wannan ne a cikin bututun. Na miƙa masa tsagaggiyar wayar da gilashin. Ya fita da su bakin ƙofa inda rana take, ya daɗe yana dubawa. Cikinta ya farfashe gunduwa gunduwa kamar ƙasar fadama a bazara. Ya sa farce ya kankare, ya shinshina.

"Bayanta lahiya, cikinta ya mutu," in ji shi, kamar da kansa yake magana. Sannan ya ce, "To in ba wuta, ƙarfe na tsagewa a huji na biyar. Takardarki ta hwaɗi yadda za a yi da wannan?"

Na ce ba ta faɗa ba. Na ce murhunmu na iya ɗumama ta kaɗan, zafin da zai sassauta jan ƙarfe bai kai ga narka garin ba, amma ban san ko zai isa ba. Ya mayar mini da gilashin ya ce in tafi, in dawo ran Asabar da bututun.

Da na dawo, ba bututu tunda kwalbar na hannun Dakta, na tarar ya ƙera sabon ƙarfen ja. Tsakanin kowane huji biyu na tsohon ya ƙara biyu, suka zama talatin da huɗu, ta yadda kowane ja ɗan kaɗan zai rage. Kwana huɗu ya yi a kansa, ya ajiye aikin mutane. Ya kuma samo kakin zuma na shafawa. Ba a cikin wani littafi na ga wannan ba, dabararsa ce. Na kai wa Dakta ƙarfen ya gani da idonsa, ya juya shi, ya ƙirga hujin, sannan ya buɗe durowa ya ba ni kwalbar.

Mako uku muka yi. Kawu ya ja huji huɗu ko biyar, in ya ji ƙarfen ya fara gardama a hannunsa sai ya tsaya, in naɗe wayar a ƙyalle in kai jami'a, in ɗumama ta, washegari in dawo da ita. Sau bakwai na yi wannan zirga-zirga, wata rana cikin ruwan sama, na sa ta a cikin hijabi na rungume. Duk tsawon makonnin nan bai ce mini malama ba, bai ce Kulu ba. "Riƙe nan." "Miƙo kaki." "Ta isa, kai ta." Abokansa in sun zo sukan yi shiru, wani lokaci ɗayansu ya yi tari mai kama da dariya. Ranar da ɗaya ya ce, "Manu, yau lamba ta nawa aka?" Kawu ya ci gaba da jan wayarsa. Wannan shi ne abin da na jawo masa, kuma ba takardar da za ta goge shi. Har ya bar duniya akwai masu kiransa da wannan tsokanar.

Wayar ta biyu ba ta kai ta farko kyau ba. Tana da ɗan kaushi, wani wuri ya fi wani kauri. Na gasa ta, na yanka, na liƙa wayoyi huɗu. Muka kunna injin da sassafe. Ni ke karanta lambobi, Dakta yana tsaye a bayana. Turjiya ta yi ta sauka a hankali kamar wancan karon, har na fara shirya abin da zan ce. Sai tsakanin layi ɗaya da na gaba lambar ta faɗi, na'urar ba ta ganin komai. Na ɗauka waya ce ta cire. Dakta ya ce a ɗan ɗaga zafi, lambar ta dawo. A sauke, ta ɓace. Sau biyar muka yi. Muka yi ta ƙara mata wutar lantarki har ta gaza. Abin da ta ɗauka bai kai na manyan ɗakunan gwaji na duniya ba, ko kusa, na kuma rubuta haka a kundina ba ɓoye-ɓoye. Amma ta yi. Dakta ya zauna a kan kujera ya ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ya ce sunan maƙerin zai shiga rahoton, in tambayo yadda yake so a rubuta shi.

Ban bari ta kwana ba. Na isa maƙera Kawu yana shirin rufewa kafin magariba, shi kaɗai. Na gaya masa da bakina, ban buɗe littafi ba. Na kwatanta masa yadda lambar ta ɓace ta dawo ta ɓace. Ya sa na maimaita wurin nan sau biyu. Ya tambaya wane huji ne ya fi ba ta wahala a ganina, na ce na ashirin da shida, ya ce shi ma haka ya ji a hannunsa. Akwai tambayar da take cina tun ranar Larabar nan, wadda na yi wa Inna ta ce in bar tone-tone, na yi wa Dakta ya ce shi ba ya auna abin da bai faru ba. Na ga in ban yi ta yanzu ba, ba zan ƙara samun baki ba.

"Kawu, da a ce ran nan na yi magana kafin ka sa ta a wuta, da ka saurare ni?"

Ya gama ɗaure awartakinsa a cikin buhu, ya rataye. Sannan ya juyo ya dube ni sosai, ni ma ban sunkuyar da kai ba.

"A'a," ya ce. "Da na ce ki koma tabarmarki, in sa ta wuta ki gani. Amma da ta lalace, ni za ni hau mota in ishe ki har makarantarku in ce, malama, gwada min abin da ban sani ba. Shi na kawai kin ka hana ni. Gobe in kin ga hannuna zai yi ba daidai ba, ki riƙe shi, ko gaban wa na. Tashi mu tai, Kulu, an kusa kiran salla."